AKORI-KURAR BABA, DA ABIN DA TA KOYA MINI GAME DA TARIHIN FIJO A ƘASAR NAN

Tun ranar Asabar da na saka hotona a gaban wata tsohuwar akori-kura fara, jama'a ba su bar ni na huta ba. Wasu na tambaya ko na ajiye aikin gwamnati ne na koma haya. Wani abokina da muka yi jami'a tare cewa ya yi lallai tsadar fetur ta fara taɓa ni, in ba haka ba wane mai hankali ne zai zuba kuɗinsa a kan motar da ta girme shi. To ga bayanin. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi mini haƙuri.

Motar Fijo 404 ce, ta mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Ya saye ta ta hannu a 1981, lokacin ina goye. Da ita ya yi shekara ashirin da wani abu yana jigilar masara da barkono da rake daga ƙauyukan da ke kewaye da Zariya zuwa kasuwanni. Ita ce motar kai amarya a unguwarmu, ita ce motar ɗaukar gara, ita ce motar asibiti da tsakar dare, kuma idan an yi rasuwa a nesa ita ke ɗauko gawa. Duk kuɗin makarantar da aka biya mana, mu takwas, daga bayan motar nan ya fito. A 2004 ƙarfin Baba ya ragu, ita ma injinta ya fara shan baƙin mai, sai aka tura ta gindin darbejiyar ƙofar gida aka ɗora ta a kan duwatsu. Nan ta zauna kusan shekara ashirin, kaji na ƙwai a kan kujerarta.

A 2023 'yan gwangwan suka zo suka taya. Ba a matsayin mota suka taya ta ba, a kilo za su auna. Yayanmu ya ce a sayar a raba, tunda har yanzu tana cikin gadon da ba a taɓa ba, kuma gaskiyarsa ce. Na je na samu Hajiya na ce, "Hajiya, me kika gani?" Ta yi shiru can, sannan ta ce, "Ni dai a cikinta aka kai ni asibiti ranar da zan haifi autanku. Amma ku kuka san abin da ya fi." Ba ta ƙara komai ba. Washegari na ce wa 'yan'uwana a yi mata kuɗi fiye da na 'yan gwangwan, zan biya kowa rabonsa. Uwargida ba ta ce mini uffan ba sai bayan kwana biyu, shi ma tambaya ɗaya ta yi: kuɗin makarantar yara fa?

Samun wanda zai gyara ta ya fi samun kuɗin wuya. Gareji uku na kai hotonta, matasan kanikawa suna dariya. Ɗaya ya ce, "Oga, ina za mu jona mata kwamfuta?" Wani ya ce a cire injin a saka na Toyota kawai a huta. Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani dattijo a Kaduna, ya haura saba'in, wanda tun yana yaro Fijo kaɗai yake taɓawa. Da aka jawo motar ya zagaya ta sau biyu, ya buɗe boneti, ya sa hannu ya juya fanka, ya ce, "Injin bai kama ba. Za ta tashi." Na ce, "Baba, ai 'yar gida ce, a nan Kakuri aka haɗa ta." Ya dube ni ya ce, "A'a, ɗana. Ƙananan ne na Kakuri. Wannan 'yar Ikko ce." Shi ya fara sanar da ni cewa akori-kurar 404 da muka sani, kamfanin SCOA ne ke haɗa ta a Legas. Ni da digirina ban sani ba. Wannan kunyar ce ta sa na koma na bi tarihin abin tun daga tushe.

Su dai iyalan Peugeot ba da mota suka fara ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. A 1810 suka mayar da wani injin niƙa na gidansu da ke gabashin Faransa ya zama maƙera ta sarrafa ƙarfe. Zarto suke yi, da sifirin, daga baya injin niƙa gahawa, daga baya kekuna. Zakin nan da muke gani a gaban motar, asalinsa tambarin zarto ne, ana nufin haƙoransa kamar na zaki. Sai da suka yi kusan shekara tamanin suna dukan ƙarfe kafin su fitar da motarsu ta farko a 1889. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An fito da 404 a 1960. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta. Injinta silinda huɗu ne, lita 1.6, an kwantar da shi a karkace, giya huɗu a jikin sitiyari, shi ya sa mutum uku ke zama a gaba ba tare da takura ba. Abin da ya ɗaga sunanta a Afirka shi ne tseren Safari na gabashin Afirka, wanda ake yi a kan hanyoyin laka da ƙura na Kenya da Tanzaniya da Uganda. Ta cinye shi a 1963, ta sake cinyewa sau uku a jere, 1966 da 1967 da 1968. Faransa ta daina ƙera ƙaramar a 1975, amma a Kenya an ci gaba da haɗa 404 har 1991. Wato mota ce da Turawa suka ƙera, amma mu muka san darajarta.

Mu kuma tamu shigar ta zo ne da kuɗin mai. Bayan yaƙin basasa gwamnatin Janar Gowon ta ƙudiri aniyar a riƙa haɗa motoci a gida. A ƙarshen 1972 aka yi rajistar kamfanin Fijo na Nijeriya, haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da Faransawa, kuma a 1975 masana'antar Kakuri ta fara fitar da motoci. A wannan zango ne dai aka kafa Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Inugu, Steyr a Bauci, da kamfanin manyan motocin Fiat a Kano. Shida ke nan, uku a Arewa. Lokacin kuma ya zo daidai da ƙarin albashin Udoji, ma'aikata sun samu kuɗi a hannu, ga bashin mota da gwamnati ke bayarwa. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ce a rage facaka, manyan jami'ai su koma hawa 504. Kasuwa ta buɗe. A farkon shekarun 1980 Kakuri na fitar da dubun-dubatar motoci a shekara, dubban mutane na cin abinci a wurin, ga masaƙu a maƙwabta suna aiki dare da rana. Duk wanda ya san Kakuri ta wancan lokaci zai ba ka labarin yadda titi ke cika da kekuna idan an tashi daga aiki.

Amma ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Sassan da ake haɗawa a Kakuri, a jirgin sama suke zuwa. A 1975 tashar jiragen ruwa ta Legas ta toshe da ɗaruruwan jiragen siminti da aka yi oda ba lissafi, jirgi sai ya yi watanni bai sauke kaya ba. Sai aka shirya da kamfanin jiragen UTA na Faransa yana kwaso sassan daga filin jirgin Liyon yana saukewa a Kano, manyan motoci su ɗauka zuwa Kaduna. Aka yi shekaru ana haka. Ku yi tunani: injin da giyabos da ƙofofi suna hawa jirgin sama kamar alhazai. A lokacin ba wanda abin ya dama, domin a 1980 naira ɗaya ta kusa dala biyu.

Ba wai ba a yi komai a gida ba. An yi. Taya daga Michelin ta Fatakwal da Dunlop ta Ikeja, batir, gilashi, kujeru, fenti, duk an samu masu yin su a nan, kuma hakan ba ƙaramin abu ba ne. Amma zuciyar motar, wato injin da giyabos da faifan ƙarfen da ake buga bodi da shi, daga waje suke zuwa. Shirin shi ne Ajakuta ta cike wannan giɓin. An sa hannu da Rashawa a 1979, kuma kowa ya san inda aka kwana: har yau ba a narka ƙarfe a babbar tukunyarta ba.

Shi ya sa da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga takun tsuke bakin aljihu na zamanin Shagari, lasisin shigo da kaya ya yi wuya, masana'antun suka fara tari. Da Babangida ya zo da SAP a 1986 aka saki naira, cikin 'yan watanni dala ɗaya ta haura naira uku. Motar da kusan duk tsadarta a kuɗin waje ake biya, dole farashinta ya bi dala. Malamin makarantar da a da yake sayen sabuwar mota da bashin gwamnati, sai ya koma neman ta hannu. Nan ne 'yan Kwatano suka shigo, motocin da Turawa suka gama hawa suka cika ƙasa. Ɗaya bayan ɗaya sauran kamfanonin suka durƙushe. Fijo ta fi su jurewa, saboda gwamnati na saye, har ta ci gaba da haɗa 504 zuwa tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina yin ƙaramar. A 2003 aka kawo tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi, gwamnati ta rage sayen motocin jami'ai. A 2006 aka sayar da hannun jarin gwamnati, a 2012 AMCON ta karɓi kamfanin saboda bashi. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta bi bayanta a 2008.

Don adalci, ba duka laifin ke wuyan gwamnati ba. Mai saye ma yana da hujja. Idan za ka samu mota 'yar Kwatano mai sanyi da gilashin latsawa a rabin kuɗin sabuwar 504 wadda siffarta ba ta sauya ba tun 1968, me za ka zaɓa? Su kuma masu ɗaukar kaya Hilux ta zo ta ƙwace su, kuma ba da ƙarya ta ƙwace su ba. Ita kanta 404 tana da aibinta, tsatsa na cin ta kamar gara. Na gani da idona a ƙasan tamu, ana hango ƙasa ta wurin da direba ke ajiye ƙafa.

Mu koma gareji. Abin da na koya a wata ashirin da na yi ina zirga-zirga wurin dattijon nan shi ne, an ƙera motar nan ne don a gyara ta. Silindojin injin ba a jikin buloki aka huda su ba, hannun riga ne da ake zarewa. Idan sun cinye sai a zare a saka sababbi da fistin da zobensu, injin ya dawo kamar sabo. Wuta kuwa kwantak ne da kwil da filogi, ba wani abin da ido ba ya gani. Kafireto ɗaya ce, ya wargaza ta a kan faranti ya wanke da fetur ya mayar. Baya kuma sifirin ne mai ganye-ganye, wanda idan ɗaya ya karye a daji maƙeri zai iya yi maka dabara ka iso gari. An ce ta ɗauki kusan tan ɗaya. Baba, Allah Ya gafarta masa, bai taɓa yarda da wannan lissafin ba.

Na so a saka mata injin 504, tunda dangi ɗaya ne kuma ya fi sauƙin samu. Dattijon ya ƙi. Ya ce, "In 504 kake so, je ka sayi 504. Wannan injin mahaifinka ne, da shi za ta tashi." Na yi shiru.

Neman kaya kuwa shi ne tarihin da na ba ku a sama, amma a aikace. Fistin da hannun riga a Ƙofar Ruwa ta Kano aka samo, a shagon wani tsoho, cikin kwalinsu na asali da rubutun Faransanci, sun yi shekaru a kan kanta. Fitilun baya da murfin sitiyari sai Maraɗi. Ba abin mamaki ba ne, domin a shekarun 1970 da 1980 matasan Turawa sun riƙa tuƙo tsofaffin Fijo su ratsa Sahara ta Tamanrasset zuwa Arlit da Agadas su sayar, kuma Nijar ta riƙe akori-kurarta fiye da yadda muka riƙe tamu. Sai dai na yi rashin sa'a, an rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai da aka buɗe a Maris na 2024 kayan suka iso. Robobin ƙofa da bushin da ba a samu ba, a Panteka aka yanka su daga tsohuwar taya. Wani yaro a can ya ɗauki awon wani ƙarfen riƙe lagireto da ya ruɓe, ya ƙera sabo kafin la'asar, bai yi zane ba, bai yi sakandare ba. Lagireton kansa mai walda ya buɗe ya sharce ya dalaye.

Amma faifan ƙarfen da aka yi wa ƙasan motar faci da shi, na waje ne. Tayoyi huɗu, na waje. Batir, na waje. Fenti ne kaɗai na ga an rubuta an yi a Nijeriya. Ranar da nake biyan kuɗin taya na tuna cewa lokacin da Baba ya sayi motar nan, tayar da ke ƙafarta a ƙasar nan aka yi ta. Shekara arba'in da huɗu, a wannan fannin dai baya muka ci. Da kuma na bar wa 'yan gwangwan ita, narka ta za a yi a fitar da rodin gini, domin iyakar abin da yawancin masana'antun ƙarfenmu ke yi ke nan.

Ga abin da na fahimta, kuma ra'ayina ne, wanda bai yarda ba yana da dama. Su Peugeot sun yi shekara tamanin suna koyon ƙarfe kafin su taɓa mota. Mu daga ƙarshe muka faro, daga ɗaure kusoshi, muna fatan ƙarfen zai biyo baya. Bai biyo ba. Masana'antar da ta tsaya da ƙafarta a duk wannan tarihi ita ce wadda ba gwamnatin da ta kafa ta: kanikawan bakin titi, masu walda, masu bugun bodi, 'yan Panteka. Su suka riƙe 404 da 504 a kan hanya shekaru da yawa bayan an daina kawo kayansu. Kuma su ne ba a taɓa sa su a lissafi ba. A 2013 an fito da sabon tsarin masana'antar motoci, aka ɗaga harajin shigo da mota zuwa kashi 70, kamfanoni da yawa suka karɓi lasisin haɗawa, sannan dokar kuɗi ta 2020 ta zo ta zaftare harajin. Wa zai zuba jarin yin fistin a ƙasar da doka ke sauyawa kafin ya gama ginin masana'anta?

Ga shi a 2025 an sake cewa ma'aikatu su fifita kayan gida. Ina maraba da hakan. Akwai Innoson a Nnewi, akwai sabuwar masana'antar Fijo ta Ɗangote a hanyar Kaduna zuwa Abuja da ta fara aiki a 2022. Amma ni ma'aikaci ne, na san yadda muke yi. Na zauna a kwamitin da aka rubuta sharuɗɗan sayen mota ta yadda ba wadda za ta cika su sai wata jif guda da ake shigowa da ita, kuma na sa hannu ban ce komai ba. Ba zan ɗora wa kowa wannan ba, ni ma ina ciki. Tambayar da ya kamata mu riƙa yi idan an ce mota 'yar gida ce ita ce, wane sashe nata aka yi a gida, kuma wa ya yi shi?

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Dattijon nan yara biyu kaɗai suka rage a garejinsa, kuma ɗayan ya riga ya ce zai koma tuƙin Keke Napep saboda kuɗin yau da yau. Idanunsa sun fara rauni, da kunne yake saita wuta. Ranar da aka tayar da injin, ya sa yaron ya kara dogon sukundireba a jikin buloki ya ɗora kunnensa a ƙotar, ya ce masa, "Me ka ji?" Yaron ya ce bai ji komai ba. Ya ce, "Sake." Sai a karo na huɗu yaron ya ce akwai wani ɗan ƙas-ƙas a ta baya. Dattijon ya yi murmushi ya miƙa masa sifana. Na roƙe shi ya bar ni na riƙa ɗaukarsa a waya idan yana aiki, ya ce in dai ba zan sa shi a Facebook ba. Na cika alkawari, shi ya sa ba ku ga fuskarsa ba.

Ranar Asabar ɗin da kuka ga hoton, ni na tuƙo ta daga Kaduna zuwa Zariya. Awa biyu da rabi, ban wuce sittin ba, na tsaya sau ɗaya a Jaji na duba ruwa. Masu manyan motoci suna ta yi mini ham suna ɗaga hannu. Da na isa ƙofar gida Hajiya ta fito da carbinta, ta zagaya ta shafa ƙofar direba, ta ce, "Ƙarar dai ita ce." Yaya da ya ce a sayar shi ya fara karɓar makulli. An riga an yi mata kamu, za ta ɗauki kayan ɗakin 'yar ƙanwarmu bayan Sallah.

Saura abu ɗaya. Zakin gabanta ya ɓace tun tana gindin darbejiya, ina zaton yaran unguwa ne suka ɓalle shi. Na samu na 504 amma dattijon ya ce ba zai ɗaura ba, ba nata ba ne. Duk wanda ya san inda zan samu na 404 na asali, a Kano ko Jos ko Damagaram, don Allah ya yi mini magana.